Paul Ehrlich: Likitan da ya shigo da rini ɗakin gwaji

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti aka ce ya kawo majinarsa a duba ko yana da tarin fuka, ko aka soki ɗan yatsansa aka shafa jinin a kan gilashi domin neman zazzaɓin cizon sauro, ko kuwa aka yanko ɗan yanki daga wani kumburi a jikinsa aka ce ya dawo ya karɓi sakamako, to ya ci moriyar aikin wani likita ɗan ƙasar Jamus mai suna Paul Ehrlich, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Mutumin ya mutu fiye da shekara 100 da suka wuce, amma kwalaben ruwan shuɗi da ja da ke jere a kan teburin kowane ɗakin gwaji, da kuma ƙa'idar cewa ba a sakin magani kasuwa sai an auna ƙarfinsa da ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, duka suna ɗauke da sawun hannunsa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Paul Ehrlich ranar 14 ga Maris, 1854, a wani ƙaramin gari mai suna Strehlen a yankin Silesiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin masarautar Furusiya, yau kuma yana cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri. Mahaifinsa, Ismar Ehrlich, yana da masaukin baƙi, mahaifiyarsa kuwa sunanta Rosa, daga gidan Weigert. Ta wannan ɓangare na uwa ne ya sami mutumin da ya fara karkata shi zuwa ga abin da zai ƙarar da rayuwarsa a kai, wato ɗan uwansa Carl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara, kuma yana cikin masanan farko da suka yi amfani da rini wajen bayyana ƙwayoyin cuta a cikin naman jiki. A wurinsa yaron ya ga yadda ake fere nama siriri a rina shi a duba a madubin likita, abin kuwa ya shiga ransa bai sake fita ba.

Ya yi karatun sakandare a birnin Breslau, sannan daga 1872 ya shiga karatun likita, ya zaga jami'o'in Breslau da Strasbourg da Freiburg da Leipzig, kamar yadda ɗaliban Jamus na zamanin suka saba. Bai kasance ɗalibin da malamai ke nunawa a matsayin abin koyi ba. Hadda ba ta dame shi ba, darussan da bai ga amfaninsu ba kuma ba ya wahalar da kansa a kansu. Abokan karatunsa sun san shi da yatsu masu launi iri-iri da tebur mai dabbare-dabbaren rini. Ana ba da labarin cewa lokacin da Robert Koch ya ziyarci Breslau a 1876, an nuna masa Ehrlich a matsayin yaron da ya iya rini amma ba a sa ran zai ci jarrabawa. Ya ci jarrabawar, kuma a 1878 ya kammala digirinsa a Leipzig da wani kundi a kan hikima da dabarun rina naman jiki.

Me ya haɗa likita da rini?

Domin a gane girman abin da ya yi, sai an san matsalar da likitocin zamanin suke fuskanta. Idan aka yanko nama daga hanta ko ƙoda aka fere shi har haske ya iya ratsa shi, kusan ba shi da launi. Mai dubawa a madubi ba ya ganin komai sai dishi-dishi, kamar mai leƙa ruwa a cikin kwalba. Kafin a kai ga dubawar ma akwai aiki mai tsawo, wanda har yau ɗakunan gwaji suke bi. Da farko ana tsoma naman a cikin sinadarin da zai hana shi ruɓewa ya kuma daskarar da shi a siffarsa, wanda tun daga 1893 galibi fomalin ne. Daga nan a janye ruwan da ke cikinsa sannu a hankali ta hanyar bi da shi cikin sifirit mai ƙaruwar ƙarfi, a wanke sifirit ɗin da wani sinadarin, a zuba narkakken kakin farafin ya ratsa shi ya daskare. Sai a ɗora dunƙulen kakin a na'urar yanka, a fere shi zuwa kaurin da bai wuce kashi huɗu ko biyar cikin dubu na milimita ba, a shimfiɗa a kan gilashi, a narkar da kakin, sannan a zo ga rini. Kuskure a mataki guda yana iya ɓata duk abin da ya biyo baya.

A farkon lamari masu bincike suna amfani da launukan da ake samu daga tsirrai da ƙwari. Amma a 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓi na kwinin, sai ya yi kiciɓis da wani launi mai kama da shunayya daga kwaltar da ake samu a gawayin kwal. Wannan ya buɗe ƙofar sabuwar masana'anta, kuma kamfanonin Jamus suka yi wa kowa fintinkau a cikinta, suna fitar da sababbin launuka domin masaƙu. Wannan masana'antar ce daga baya, a 1897, ta fito da baba na kanti, wanda ya girgiza kasuwar baba na gona a duniya.

Kowane marini a Ƙofar Mata ya san cewa ba kowane zare ne yake shan baba iri ɗaya ba, kuma abin da aka haɗa a karofi shi ne yake sa launi ya kama ko ya zube. Ehrlich ya ɗauki irin wannan sani ya kai shi cikin jikin mutum. Ra'ayinsa shi ne, rini ba shafe ba ne kawai da yake kwanciya a bayan abu. Haɗuwa ce ta sinadari da sinadari, inda kowane launi yake da abin da yake kamawa da abin da yake ƙi. Idan haka ne, launin da wani sashe na ƙwayar halitta ya sha yana faɗin irin abin da aka gina sashen da shi. Tun yana ɗalibi ya karanta wani bincike a kan gubar dalma da ya nuna cewa wasu gaɓoɓi sun fi wasu tara ta, abin da ya ƙarfafa masa wannan tunani. A cikin kundin digirinsa ya bayyana wata irin ƙwayar halitta da ba a tantance ba kafin shi, cike da ɗigo-ɗigo masu shan launi. Ya zaci ƙoshi ne ya cika ta, don haka ya raɗa mata suna daga kalmar Jamusanci mai nufin turka dabba. Zaton nasa bai yi daidai ba, domin yau an san ƙwayar tana da hannu a borin jini da asma, amma sunan ya zauna.

Jini a kan gilashi

A 1878 ya sami aiki a babban asibitin Charité da ke Berlin, a ƙarƙashin Farfesa Theodor von Frerichs, wanda ya gane baiwarsa ya sakar masa mara ya yi bincike. A nan ya juya ga jini. Kafin shi ana duba jini ne ɗanye, ya bushe ko ya daskare kafin a gama kallo. Ehrlich ya riƙa shimfiɗa ɗigon jini siriri tsakanin gilasai biyu, ya bar shi ya sha iska, ya gasa shi a kan farantin tagulla mai zafi domin ƙwayoyin su manne, sannan ya rina. Da wannan dabara ana iya ajiye gilashin a sake dubawa, a kuma nuna wa wani likitan ya tabbatar.

Ya raba launuka gida uku: masu tsami, da kishiyoyinsu, da na tsaka-tsaki. Da ya gwada su a kan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a da ake musu kuɗin goro, sai ya ga kashi-kashi ne. Wasu suna shan jan launin iyosin, wasu suna shan shuɗi, wasu kuma sai gaurayen biyun. Sunayen da ya ba su bisa launin da kowacce take so su ne har yau ake bugawa a takardar sakamakon gwajin jini. Daga nan aka sami hanyar bambance nau'o'in sankarar jini da na ƙarancin jini, kuma shi ne a 1888 ya fara bayyana cutar da ɓargo ke daina ƙera jini. A 1886 ya fitar da nasa haɗin launin hematoksilin, wanda ake samu daga wani itace na yankin Amurka ta Tsakiya, ana haɗa shi da alam domin ya kama. Hematoksilin yana rina cibiyar ƙwayar halitta shuɗi, iyosin kuma ya rina sauran jikinta ja-ja, kuma wannan tagwayen launi shi ne abin da likita yake fara dubawa a yau idan ana son a san ko kumburi sankara ne.

Daren tarin fuka

Ranar 24 ga Maris, 1882, Robert Koch ya tsaya gaban taron masana a Berlin ya bayyana cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka. Wannan rana ce ake tunawa duk shekara a matsayin ranar yaƙi da cutar ta duniya. Ehrlich yana cikin ɗakin. Sai dai hanyar da Koch ya bi wajen rina ƙwayar tana cin kusan yini guda, kuma launin ba ya fitowa sosai, ta yadda likita na gama-gari ba zai iya dogara da ita ba.

Cikin 'yan makonni Ehrlich ya gyara ta. Ya gano cewa ƙwayar tana da wuyar shan launi, amma idan ta sha, ko an wanke gilashin da ruwan asid ba ta saki, alhali duk sauran abubuwan da ke kan gilashin suna zubar da nasu. Saboda haka sai a rina komai, a wanke da asid, a sake rina bayan fage da wani launi dabam, ƙwayar cutar kaɗai ta rage da launin farko, ta fito fili. Ana ba da labarin cewa ya gane amfanin zafi a wannan aiki ne bayan ya bar gilasansa a kan murhun ɗaki, aka hura wuta ba da saninsa ba. Koch da kansa ya karɓi wannan hanya ya yaba mata. Wasu likitoci biyu, Franz Ziehl da Friedrich Neelsen, suka yi mata 'yan gyare-gyare, kuma da sunansu aka san gwajin har yau, ko da yake ginshiƙin na Ehrlich ne. Haka nan Hans Christian Gram, wanda ya fitar da shahararren gwajinsa na rarrabe ƙwayoyin cuta a 1884, da haɗin launin Ehrlich ya fara.

A 1883 ya auri Hedwig Pinkus, 'yar wani attajiri mai masaƙa, suka haifi 'ya'ya mata biyu. A waɗannan shekaru ya fara ɗura launi a jikin dabbobi masu rai domin ya ga inda zai tafi. Ya lura cewa wasu launukan suna rina kusan duk gaɓoɓi amma su bar ƙwaƙwalwa fara, abin da daga baya ya kai ga gano shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ya kuma ga cewa shuɗin metilin yana bin jijiyoyin saƙo ya rina su su kaɗai.

Jinya da zurma

Frerichs ya mutu a 1885, kuma wanda ya gaje shi bai ga dalilin da likita zai bar marasa lafiya ya zauna yana wasa da launi ba. Zama ya yi wa Ehrlich ɗaci. Ana cikin haka, a 1888, ya duba majinarsa da hanyar da shi da kansa ya ƙirƙira, ya ga ƙwayar tarin fuka. Ya ajiye aiki, ya tafi Masar tare da matarsa domin busasshiyar iska, wadda ita ce abin da ake ba masu wannan cuta shawara a lokacin. Ya dawo Berlin a 1889 ya sami sauƙi amma ba shi da muƙami, sai surukinsa ya taimaka masa ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin gwaji na kansa.

A wannan ɗaki ya yi wani bincike da tsirrai biyu da kowane Bahaushe ya sani, zurma da idon zakara, waɗanda ƙwayoyinsu suke ɗauke da dafi mai kisa. Ya riƙa ba ɓeraye dafin kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, har suka kai ga jure adadin da ya ninka mai kisa sau da yawa. Ya nuna cewa ɓeran da ya saba da dafin zurma bai tsira daga na idon zakara ba, wato kowane dafi da makarinsa. Ya kuma musanya wa iyaye 'ya'ya, ya tabbatar da cewa uwa tana ba jaririnta kariya ta cikin nono. Abu mafi muhimmanci shi ne, ya koyi auna kariyar jiki da lissafi, kuma wannan ne ya shirya shi ga aikin da ke tafe.

Mudun magani

A ƙarshen ƙarni na 19 cutar mashaƙo tana kashe dubban yara a Turai duk shekara. Ita ce cutar da ta sake ɓulla a Najeriya daga ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, don haka mai karatu ba baƙo ba ne ga yadda take toshe maƙogwaron yaro. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato ɗan Japan suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin cuta yana ɗauke da makari, kuma ana iya ɗura shi ga wani ya kare shi. Kamfanin Hoechst, wanda asalinsa kamfanin rini ne, ya ɗauki nauyin sarrafa makarin mashaƙo. Amma sai aka ci karo da cikas: wata kwalbar tana warkarwa, wata kuwa kamar ruwa, kuma babu mai iya faɗin wacce ce wacce sai bayan yaro ya rayu ko ya mutu.

Koch, wanda Ehrlich ya koma cibiyarsa a 1891, ya sa aka haɗa shi da Behring. Ehrlich ya yi amfani da dabarar zurma, ya riƙa ƙara wa dabbobi dafin mataki-mataki har jininsu ya yi ƙarfi, aka koma amfani da dawaki domin a sami mai yawa. A 1894 aka gwada makarin a kan yara 220, sakamakon ya nuna cewa wanda aka yi wa allura a kwanakin farko na ciwo ya fi samun tsira nesa ba kusa ba. A shekarar aka fara sayar da shi, kuma daga Afrilun 1895 gwamnatin Jamus ta hana sayar da duk wanda hukuma ba ta gwada ba.

Saura tambayar da kowane ɗan kasuwa zai gane nauyinta: da wane mudu za a auna? Da farko ana auna makari ne da dafi, amma Ehrlich ya gano cewa dafin yana sauyawa idan ya daɗe a ajiye. Ƙarfin kisansa yana raguwa, alhali yana ci gaba da cinye makari kamar da. Wanda ya auna da irin wannan, tamkar mai awo ne da mudun da yake motsewa kullum ba tare da ya sani ba. Sai ya juya lamarin. Ya busar da wani makari, ya rufe shi a cikin kwalaben da aka zuƙe wa iska, ya ajiye a wuri mai sanyi, ya mai da shi uban mudu. Duk dafin da za a yi gwaji da shi sai an fara auna shi da wannan, ta hanyar neman adadin da idan aka gauraya shi da awo ɗaya na makarin zai kashe ɓeran Masar mai nauyin giram 250 cikin kwana huɗu. Da dafin da aka tantance haka ne ake auna kowace sabuwar kwalba. Ya wallafa wannan tsari a 1897, yana shugabantar cibiyar gwajin magunguna da gwamnati ta kafa masa a unguwar Steglitz a 1896. A 1922 aka karɓi awonsa a matsayin ma'aunin duniya na makarin mashaƙo, kuma shi ne irinsa na farko.

Wannan aiki bai bar shi da daɗin rai ba. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa an lallashe shi ya sarayar da babban kasonsa na ribar makarin bisa alkawarin da ba a cika ba, Behring ya yi arziki, kuma shi kaɗai aka ba kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Zumuncinsu bai koma kamar da ba. Tasa kyautar ta zo a 1908, ya raba ta da Élie Metchnikoff ɗan Rasha, saboda aikinsu a kan garkuwar jiki.

Daga rini zuwa magani

A 1899 cibiyarsa ta koma Frankfurt, kuma a 1906 wata attajira, Franziska Speyer, ta gina masa wata cibiyar bincike don tunawa da mijinta. A nan ya koma ga tunanin da ya daɗe yana bin sa. Idan launi yana iya zaɓar ƙwayar cuta ya kama ta ya bar naman mutum, to ana iya samun sinadarin da zai kama ta ya kashe ta ba tare da ya cuci mai ita ba, kamar harsashin da ya san wanda aka aike shi gare shi. Tun a 1891 shi da Paul Guttmann sun ba masu zazzaɓin cizon sauro biyu shuɗin metilin a Berlin, suka warke, ko da yake bai kai kwinin ƙarfi ba. A 1904, tare da Kiyoshi Shiga ɗan Japan, ya samo wani jan launi da ya warkar da ɓerayen da aka sa wa ƙwayar cuta dangin wadda ƙudan tsando yake yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. A cikin wannan aiki ya lura cewa ƙwayoyin cuta suna iya sabawa da magani har ya daina yi musu aiki, matsalar da duniya take fama da ita yanzu.

Daga launi ya koma kan gubar asenik. Akwai wani haɗinta mai suna Atoxyl da aka gwada a kan masu ciwon barci a Gabashin Afirka, ya makantar da wasu daga cikinsu. Ehrlich da masanin sinadarai Alfred Bertheim suka gano ainihin ginin wannan haɗi, suka shiga sauya shi ɗaya bayan ɗaya, suna ba kowane sabon haɗi lamba. A 1909 wani likita ɗan Japan, Sahachiro Hata, ya zo da ƙwarewar sa wa zomaye cutar tunjere, wadda aka gano ƙwayarta a 1905. Ya sake gwada haɗe-haɗen, ya tarar mai lamba 606 yana warkar da zomayen. A lokacin tunjere tana kai mutane ga hauka da shanyewar jiki, tana kuma bin uwa zuwa ga jariri, maganinta kuwa shi ne sinadarin zaiba, wanda shi kansa guba ne.

Ehrlich bai yi gaggawar kai shi kasuwa ba. Ya sanar da shi a taron likitoci a Wiesbaden a Afrilun 1910, ya raba allurai 65,000 kyauta ga likitoci bisa sharaɗin su aiko masa da rahoton kowane majiyyaci, mai kyau da marar kyau. A ƙarshen shekarar Hoechst ya fara sayar da shi da sunan Salvarsan, sannan a 1912 aka fitar da Neosalvarsan, mai lamba 914, wanda ya fi sauƙin haɗawa. Su ne suka riƙe fagen har zuwan fenisilin a shekarun 1940.

Suka da shari'a

Maganin yana da wuyar sha'ani. Iska tana ɓata shi, sai an narkar da shi a cikin tsabtataccen ruwa bisa ƙa'ida, kuma inda aka yi sakaci an sami munanan illoli har da mutuwa. Wasu suka zargi kamfanin da tsawwala farashi, wasu suka ce warkar da tunjere zai buɗe ƙofar fasiƙanci, wasu kuma ƙiyayyar Yahudawa ce kawai take motsa su. A 1914 aka yi shari'a a Frankfurt bayan wani marubuci ya yi zargin cewa ana yi wa mata masu zaman kansu allurar dole a asibiti. Ehrlich ya ba da shaida, kotu ta ɗaure marubucin shekara guda bisa laifin ɓata suna, amma rigimar ta ci masa rai ƙwarai.

Tarihi kuma bai wanke shi sarai ba. Wasu daga cikin haɗe-haɗensa na asenik an aika da su ga likitocin mulkin mallaka a Togo da Gabashin Afirka, aka gwada su a kan masu ciwon barci da aka tsare a sansanoni, mutanen da ba a ba su zaɓin amincewa ko ƙi ba. Haka kuma a 1914 yana cikin masana 93 da suka sa hannu a takardar goyon bayan matakin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ƙarshen rayuwa

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai fara'a da mantuwa, wanda ofishinsa yake cike da littattafai har babu wurin zama. Kowace safiya yakan rubuta wa ma'aikatansa umarni a kan ƙananan katuna masu launi, kuma idan bayani ya kama shi yakan yi zane a kan duk abin da ya samu, ko ƙofa ko rigar tebur. Yana shan taba sigari kusan 25 a yini, abinci kuwa bai dame shi ba. A ganinsa bincike yana buƙatar abu huɗu: kuɗi, haƙuri, gwaninta da sa'a.

A ƙarshen 1914 ya sami bugun jini na farko. Na biyu ya same shi a garin Bad Homburg, ya mutu ranar 20 ga Agusta, 1915, yana da shekara 61, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt. Bayan 'yan Nazi sun hau mulki sun cire sunansa daga titin da aka sa wa, matarsa kuma ta tsere daga ƙasar a 1939, ta ƙare rayuwarta a Amurka. Bayan yaƙi Jamus ta maido masa da martabarsa. Hotonsa ya hau takardar kuɗi ta mak 200, kuma hukumar da take tantance alluran riga-kafi a ƙasar da sunansa ake kiran ta.

Abin da ya bari

A yau na'urori sun karɓi wani sashe na aikin, kuma ana gano tarin fuka ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado. Duk da haka launin Giemsa da ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi daga shuɗin metilin da iyosin aka haɗa shi, gwajin majina na ja da shuɗi yana nan, kuma likitan da zai yanke hukunci a kan sankara gilashi mai launi yake dubawa.

Gadonsa na biyu ya fi shafar aljihu da rayuwar mai karatu. A ɗakin gwajin da ya san aikinsa, kafin a yarda da sabuwar kwalbar launi sai an gwada ta a kan gilashin da aka riga aka san yana ɗauke da cutar da kuma wanda aka san ba ya ɗauke da ita. Idan na farko bai nuna ba, ko na biyu ya nuna, ba a fitar da sakamakon kowa sai an gano inda matsalar take. Launin da ya tsufa, ko naman da aka bari bai shiga fomalin da wuri ba, yana iya sa a ce wa mai cuta lafiyarsa ƙalau, ko a yanke wa mai lafiya gaɓa. Saboda haka idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce a ƙara masa kwana biyu domin ya sake yanka ya sake rini, ko ya ce a sake kawo samfur, to ƙa'idar da Ehrlich ya kafa a kan kwalaben makarin mashaƙo yake bi, kuma haƙurin kwana biyun ya fi karɓar takardar da ba a tabbatar da abin da ke cikinta ba.